Amsa ga mai gona a Ikorodu: yadda zaka rage kaska ba sai ka dogara da feshi ba

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka a dukiyar. Na karanta bayaninka, kace kana da ɗan fili a bayan Ikorodu wajen hanyar Imota, shanu huɗu, tumaki da awaki kusan sha biyar, kaji na yawo, ga tafkin tarwaɗa guda biyu a gefe, kaska ta addabe ku tun faɗuwar ruwa, kuma baka son feshin magani saboda uwargida na tatsar nono yara na sha, ga tsoron kada ruwan maganin ya gangara wajen kifi. Kana tambaya ko akwai hanyar gargajiya da zata raba ka da ita kwata-kwata.

Toh bari in fara da abin da bazaka so ji ba, raba ka da ita kwata-kwata babu, ko da maganin kanti ne, balle a Legas. Amma a rage ta har ta daina ramar da dabba ta daina ɓata hantsa, wannan kam yana yiwuwa a garke ƙarami irin naka, kuma mafi yawan aikin na hannu ne da gyaran wuri, ganye da jiƙe-jiƙe daga baya suke zuwa. Na faɗi haka ne don yawancin masu zuwa min da wannan tambayar sunan wani ganye guda ɗaya suke son ji, su jiƙa su watsa shikenan, kuma wallahi ba haka abin yake ba.

Mu da muka taso a arewa mun saba rani yana yi mana rabin aikin ba tare da mun lura ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasa ta bushe ƙamas, hunturu ya busa, ciyawa ta ƙone, ƙwan kaska da 'ya'yanta su mutu da yawa, saboda babu abin da kaska ke tsoro kamar bushewa. Nan kuwa ruwan da ake yi a shekara ya kai ninki biyu na Kano, ana tafkawa daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan tsagaita a Agusta, a dawo Satumba da Oktoba, kuma ko cikin Janairu ka fita da asuba a wajen Ikorodu ko Epe ko Badagry zaka tarar raɓa ta jiƙa ciyawa sharkaf. Kenan rana da bushewar da Allah ke ba mutumin Katsina kyauta, kai sai ka nemo su da adda da tsintsiya.

Wadda kake gani maƙale a jikin saniya kaɗan ce daga cikin abin da ke gonarka, sauran suna ƙasa. Macen in ta sha jini ta ƙoshi sai ta saki ta faɗo, ta rarrafa ta shige ƙarƙashin busasshen ganye ko tsagar bango ko gindin turke, ta zuba ƙwai ta mutu. Ƙaramar nan mai ruwan toka da ɗan shuɗi-shuɗi wadda ke cika wuya da kafaɗar shanu, guda ɗaya tana zuba ƙwai 2,000 zuwa 4,000, babbar kuwa da Fulani ke kira koti tana iya kaiwa 20,000. Bayan 'yan makonni su ƙyanƙyashe, 'ya'yan ƙanana ne ƙwarai masu ƙafa shida, su hau tsinin ciyawa su dunƙule wuri ɗaya suna jiran dabba ta gifta, kuma in wurin da laima da inuwa suna iya yin wata uku huɗu a haka ba ci ba sha. Shi yasa zaka wanke saniya tas yau, nan da kwana goma ka ga kamar ba'a yi komai ba.

Kuma ka bambance biyun nan don faɗan da ake da su ba ɗaya bane. Ƙaramar tun tana 'ya har ta girma ta ƙoshi a jikin saniya ɗaya take zama, kusan sati uku, ɓarnarta yawa ce, tana tsotse jini kuma ita ke kawo ciwon nan na fitsarin jini. Akwai ma wata irinta da ta shigo yankinmu ta shanun da aka kawo daga Brazil zuwa Kwaddibuwa da Benin, an fara ganinta a Kwaddibuwa a 2007, yanzu an same ta a Najeriya, tafi tamu ta gida saurin yaɗuwa kuma tafi taurin kai wajen magani, mu kuma da ke dab da Seme, iyakarmu da Benin, dole mu sa ido. Koti kuma sau uku take hawa dabba tana sauka a rayuwarta, tana ƙarama tana iya hawa ɓera, gafiya, zabo, akuya, in ta girma tafi son shanu. Namijin zaka gane shi da ado, bayansa da zanen ruwan goro da baƙi, ƙafafu da ratsi-ratsi, bakinsu dogo ne yana nutsewa can cikin fata, kuma wuraren da suke zaɓa su ne masu tsada, hantsa da kan nono, maraina, hammata, ƙirji da gindin wutsiya. Koti goma a hantsa sun fi ƙananan ɗari ɓarna, don suna iya kashe kan nono ɗaya gaba ɗaya, saniya ta koma da uku, maraƙi ya kasa ƙoshi. Ita ce kuma ke buɗe wa kirci hanya, ciwon fatar nan mai ɓawo, ita ke ɗauke da kabowa, ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya.

Yanzu maganar cirewa da hannu, wanda nasan wasu zasu raina, amma a shanu huɗu babu abin da ya kai shi. Fulanin tsakiyar ƙasar nan irin na Kachia da Filato tun kaka da kakanni haka suke yi, kamar sau uku a sati da damina, sau biyu da rani, da sassafe kafin a saki shanu, kuma garkensu ya ninka naka sau goma. Kai naka bazai ci maka minti talatin ba in an saba. A ɗaure saniya a turke, wani ya riƙe kai yana sosa mata wuya, a sa dabaibayi a ƙafar baya in mai harbi ce, ka tsuguna ta gefe ba ta baya ba, ka fara daga kunne, ka biyo fatar wuya da ke reto, hammata, ciki, hantsa, ka ɗaga wutsiya ka duba ƙarƙashinta. Ka kama kaskar dab da fata, da matsefata ko hantsaki in akwai, ka ja a hankali kai tsaye ba fizga ba, kada ka matse cikinta don abin da ke ciki dabba zai koma. A kan nono musamman a bi a sannu, in ka fizge bakin ya karye a ciki sai wurin ya kumbura yayi ruwa.

Ga abin da mutane da yawa basu sani ba game da koti, kuma shi ne zai rage maka wahala. Mazan ne ke fara hawa, su kafa baki su yi 'yan kwanaki suna sha, sannan su fara fitar da wani wari da ke kiran matan, macen bata cika kama dabbar da babu namiji a kai ba. Namijin kuma baya kumbura, yana nan a lafe wata da watanni yana kira, shi yasa ido ke tsallake shi a tafi wajen manyan da suka cika. Toh in kana bin mazan nan masu ado kana cirewa duk bayan kwana biyu, ka rage zuwan matan tun kafin su zo, kuma matan su ne masu ƙwai, su ne masu yin babban miki.

Na biyun, masu bincike a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso sun gano cewa koti in ta kama saniya a wajen kiwo ba hantsa take wucewa kai tsaye ba, tsakanin kofato take fara maƙalewa ta yini a nan, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta saki ta hau ciki da hantsa. Wannan binciken ni ya burge ni ƙwarai don abu ne da talaka zai yi amfani da shi ba tare da ya kashe kobo ba. Da yamma in an dawo da su daga cikin fili, kafin su kwanta, a duba tsakanin kofato da fitila, a lokacin bata nutsa baki sosai ba, da sauƙi take fita. Tumaki da awaki ma a duba nan, akuyar da ka gani tana ɗingishi ba ciwo ba ƙaya, sau da yawa kaska ce a tsakanin kofato.

Abin da ka cire kada ya taɓa ƙasa. Ka riƙe gwangwani da ɗan kananzir a ciki kana jefawa, ko kasko da garwashi a kusa, in an gama a ƙone. Na sha gani a kara yaro ya cire ƙosasshiya ya yar a gefen turke, ai ka taya ta sauka ne, ƙwai dubbai ka shuka. Kuma don Allah a daina fasa ta da farce, a daina bari yara suna wasa da ita, akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da ake kira na Kirimiya da Kongo wanda kaska ke ɗauke da shi, musamman mai dogayen ƙafafu da ke zuwa a jikin shanun arewa, an tabbatar da ƙwayar cutar a ƙasar nan kuma tana kisa, koti ma cizonta na sa mutum zazzaɓi. Safar hannu ko leda ma ta wadatar, in an gama a wanke hannu da sabulu. Wurin da aka cire kuma a shafa man kaɗanya da aka gauraya da ɗan man darbejiya, saboda ƙudan Legas basa jira, kwana biyu ka bar miki a buɗe zaka tarar da tsutsa.

Sai ƙasa, inda ainihin rundunar take. Makwancinsu a ɗaga shi da jar ƙasa ko yashi ya zama tudu ruwa baya kwanciya, a share kashi da ragowar ciyawa kullum, a tara can nesa a tuli ɗaya, zafin da taki ke yi in ya tsumu yana kashe ƙwan da ke ciki, ka samu taki kuma. A riƙa barbaɗa toka ko farar ƙasa a gindin turaku da lungu. In ɗakin bulo ne a liƙe tsagogi da siminti. A nome kewayen shinge kamar taku biyu ya zama ƙasa tsirara, a sassabe duhuwar da ke bayan shingen inda ɓera da gafiya ke kai da kawo, a rage rassan da suka rufe makwanci rana ta samu shiga ko ta awa uku ce. Filin kiwon kuma kada ka bar ciyawa ta kai ƙugu, a riƙa sassabe ta tana gajeruwa rana na kaiwa gindinta. In filin zai rabu uku ka raba, ɓangare ɗaya ka hana dabba shiga wata huɗu, ka sa masara ko rogo a ciki, 'ya'yan kaskar da ke jira yunwa ta kashe mafi yawansu. Ƙona daji kuwa ban baka shawara ba, gidaje sun matso ko'ina, kuma waɗanda ke cikin ƙasa wuta bata cika kai musu ba.

Akwai ƙofa biyu da kaska ke shigowa gonakin mutanenmu a nan waɗanda ba'a cika lura da su ba. Ta farko ciyawar yanka. Tun Satumbar 2021 da gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar hana yawon kiwo, wasu masu ƙananan garke sun koma yanko ciyawa ko saye a hannun yara masu kura, kuma ina ake yankowa, bakin titi da fadama da kangon filaye inda shanun fatake suka kwana jiya. Ka killace dabbarka da kyau amma ka kawo mata 'ya'yan kaska a dami. Ka tambayi daga ina aka yanko, in an kawo a baza ta a kan siminti ko tamfol ta sha rana yini ɗaya ko biyu nesa da garke, sannan a zuba a komi ko rabin duro a ɗage daga ƙasa, kada a watsa a makwanci. Harawa da ƙaiƙayin wake da ake kawowa daga arewa a bushe basu da wannan matsalar sosai.

Ta biyu sabuwar dabba. Duk abin da ka sayo a Oko-Oba ko Alaba Rago ko karar Berger, ya kwana biyu uku a tirela jiki na gugar jiki, ya zo ya kwanta a ƙasar da dubban shanu suka kwanta. Kada ya shiga cikin naka ranar da ya zo, komai kyansa. A ɗaure shi a gefe a kan ƙasa tsirara ko siminti sati uku, ana bincike shi kullum ana share wurin ana ƙonewa, sati ukun nan shi ne zai ba ƙananan da ido baya gani damar girma a gan su. Wannan ya fi muhimmanci ga masu sayo raguna su ajiye kafin layya, a 'yan shekarun nan Babbar Sallah cikin damina take faɗowa, ragon Balami ko Uda da ya taso a busasshen wuri bai san ciwukan kaskar kudu ba, shi ke fara faɗuwa.

Kajinka kuwa ma'aikata ne da kake da su baka sani ba, amma kajin gida nake nufi, na gidan gona basu iya ba. A wani gwaji da aka yi a Kenya aka wallafa a 1991 an saki kaji cikin shanu masu kaska na rabin awa zuwa awa ɗaya, da aka duba cikinsu an samu kusan 81 a kowace kaza in an raba daidai, wata ma ta haɗiyi sama da 300. Dabarar ita ce a sake su cikin garke da sassafe tun shanu na kwance, kafin a basu tsaba ko dusa, da yunwa suke aiki. Kwana kaɗan zaka ga saniya ta saba, ta miƙe wuya ta lumshe ido kaza na tsattsagar kunnenta da ƙasan cikinta, wasu kuma na tonon gindin turke suna tsince waɗanda suka faɗo da dare kafin su ɓuya. In zaka iya ka matso da akurkin kusa da garken. Zabi suna ci su ma kuma sun fi kaza shiga ciyawa, sai dai su kansu suna ɗaukar 'ya'yan kaska a kai da wuya su zaga da su, ga yawo gidan maƙwabta, don haka in kana da su toh, amma kada ka je ka sayo don wannan. Balbela da kake gani tana bin shanu fara da ƙwari take kamawa waɗanda ƙafar shanu ke tayarwa, kaskar da take ci bata taka kara ta karya ba.

Yanzu ga ganyen da kake jira. Wanda na yarda da shi darbejiya ce, dogon yaro, kuma ƙarfin yana cikin ƙwallon 'ya'yan fiye da ganye. Ka sa a taho maka da busassun 'ya'ya daga gida a motocin kaya, waɗanda basu yi fumfuna ba, a ɓare a daka rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun salo a ciki don ya kama gashi, a wanke dabba da soso ko tsumma har ya kai fata, a fi ba ciki da hantsa da ƙafafu ƙarfi, a kiyaye ido. A yi amfani da shi a ranar, in ya kwana biyu ko ya sha rana ya salance. Kada ka sa ran ganin kaska na zubowa nan take, aikinsa a hankali ne, yana kashe ƙanana, yana hana su cin abinci da saɓa, macen da ta sha shi ƙwanta da yawa basa ƙyanƙyashewa. Da damina duk kwana biyar zuwa bakwai, a zaɓi safiyar da hadari bai haɗu ba, in ruwa ya dake su bayan awa ɗaya an yi asara. Man darbejiya da man kaɗanya kuma a riƙa shafawa a hantsa da gindin wutsiya da cikin kunne bayan tatsa, uwargida ta wanke kan nono da ruwan ɗumi kafin tatsa ta gaba don yana da ɗaci.

Wani zai ce maka majimfa, kuma gaskiya tana kashe kaska, ana amfani da ita a ƙasashe irin su Zambiya, amma ai ita ce masunta ke dakawa su zuba a ruwa kifi ya taso, kai mai tarwaɗa ko kusa kada ta zo gonarka. Ruwan ganyen taba shima yana kashewa amma gubarsa na ratsa fata, ɗan akuya ko ɗan maraƙi yana iya mutuwa, wanda ke shafawar ma jiri na iya ɗibarsa, ni ban sa kowa ba. Tafarnuwa a cikin dusa da kanwa a ruwan sha da ake ta yaɗawa, kanwa tana da nata amfanin amma kada ka dogara da su a kan kaska.

Waɗanda nake roƙonka da girman Allah ka nisanta su ne baƙin man mota, da fetur, da kananzir a jikin dabba, da fiya-fiya, da maganin feshin wake ko na ciyawa. Ana kiran wasunsu dabarar gida amma guba ce tsagwaronta. Baƙin mai yana ƙona fata, dabba ta lashe, dattin ƙarfen da ke ciki ya bi nono da nama. An taɓa kirana kan wani rago da aka wanke da fiya-fiya ana saura kwana kaɗan Sallah, na tarar da shi a kwance yawu na dalala kamar an buɗe famfo, naman jikinsa na rawa, ƙwayar idon ta tsuke ta zama ɗigo, yana zawo yana numfashi da ƙyar, mai shi na tsaye hawaye na zuba don kuɗin makarantar yara ne ya zuba a ciki. Ko ya tashi wannan naman bai kamata a ci shi a kwanakin ba.

Dabba mai ƙoshi jikinta na yaƙi da kaska da kansa, rammamiya ita ce kaska ke taruwa a kai, don haka dusa da harawa da gishirin lasa da maganin tsutsar ciki a kan lokaci duk suna cikin wannan faɗan. Ka duba igiya ma, saniya da harshenta take share 'ya'yan kaska masu yawa tun basu kafa baki ba, in ka ɗaure ta da guntuwar igiya yadda bazata juya ta lashi gefenta ba ka hana ta taimakon kanta. Sannan in ka fara cirewa da hannu zaka lura a cikin huɗun nan akwai ɗaya da kullum ita ce tafi kowa ɗauka, abin yana bin jini, ita zaka fi sa wa ido, in lokacin sayarwa yazo ita ce ta farko. Bunaji da Bokolo suna da juriya daidai gwargwado, Muturu da Ndama da Keteku na kudu sun fi su jure wannan yanayin, haka gajerun awakin nan na Yarbawa. Masu jinin turawa irin na madara kuwa in kana da niyyar sayowa ka sani duk abin da na faɗa a sama bazai ishe su ba, kirci da kabowa sun fi kama su.

Kuma kada ganin ƙanana biyar shida a wuyan ɗan maraƙi ya tayar maka da hankali. Maraƙi a watanninsa na farko, har zuwa kamar wata tara, yana da juriyar ciwon fitsarin jini, in ƙaramar kaska ta cije shi a lokacin yana samun kariya da zata bi shi har girma. Wanda aka tsare tas bai taɓa haɗuwa da ita ba, ranar da ya haɗu da ita yana babba shi ne ke kwanciya. Koti ce ba'a yi mata sassauci ko guda.

Inda hanyar gida ta ƙare kuma dole in faɗa maka a fili, darbejiya bata warkar da dabbar da cutar ta riga ta shiga jininta. Ka sayi ma'aunin zafi a kemis, ba tsada, a sa a dubura minti ɗaya, saniya lafiyayya tana wajen 38 zuwa 39, tumaki da awaki su ɗan fi haka kaɗan, in ka ga ya wuce 40 dabba ta daina ci toh ba jira. Alamar kabowa, dabba ta riƙa ɗaga ƙafa sama-sama in tana tafiya, tana zagaye, tana tauna ba komai a baki, ido na ƙiftawa da sauri, daga nan ta faɗi tana shure-shure kumfa na fita ta hanci, in an yanka a ga ruwa ya taru a jakar zuciya da ƙirji. Mutanenmu sukan ce iska ce ko maciji, a tsaya hayaƙi har ta mutu, alhali allurar oxytetracycline in an yi ta tun a matakin zazzaɓi tana ceto, in ta kai ga faɗuwa da wuya. Fitsari ja ko ruwan shayi da fatar ido fari fat ko rawaya, wannan allurarsa daban ce kuma ana auna ta da nauyin dabba, likita zai yi. Kirci kuma gashi ya riƙa tashi a dunƙule da ɓawo a gadon baya, a ware mai shi daga sauran a kare shi daga dukan ruwa a nemi magani. Ka tuna a dajin Ikorodu da Epe akwai ƙudan tsando, ba duk rama da rashin jini bane na kaska, wani sammore ne, gwajin jini ke rabawa.

In kayi duk wannan wata guda cikin tsakiyar damina ka ga koti na ƙaruwa a hantsa, kada ka ji kunyar taɓa maganin kanti, kuma ba sai ka yi wa gona wanka da shi ba. A haɗa daidai yadda aka rubuta a kwalba, ba'a rage ba don tsimi, ragewar nan ita ke koya wa kaska jure magani, a shafa da burushi ko tsumma a ƙafafu da ƙasan ciki kawai, sau biyu ko uku, a can nesa da tafki inda ruwa bazai gangara ba, don irin su cypermethrin ɗan kaɗan ke kashe kifi. A kulle kaji kwana biyu uku, a karanta kwanakin da aka ce a dakata da shan nono da yanka a bi su, in kana da doki kada amitraz ya taɓa shi. Karen gadi in akwai shima a riƙa duba shi, tasa kaskar a tsagar bango take ɓuya, ta kaji kuma da dare take fitowa daga tsagar katakon akurki ta sha ta koma, a duba da fitila a zuba tafasasshen ruwa da toka a tsagogin.

Wannan satin in ka fara cirewa, ka ware kamar guda goma iri daban-daban, manya da ƙanana, daga shanu da kuma awaki, ka sa a 'yar kwalba da sipirit ka rufe, ka kai wa likitocin dabbobi na gwamnati a Oko-Oba ko ka kawo min in duba, in san ko baƙuwar nan ta Benin ta iso wajenku, don in ita ce tazarar wankan darbejiyar da irin maganin da za'a ajiye saboda ko-ta-kwana duk zasu canza.